FILIN NAZARIN LITTATTAFAI: Daga Hannu Zuwa Hannu, Mutanen Cikin Littafin Shaihu Umar

Duk ɗalibin da aka taɓa ba shi littafin Shaihu Umar ya karanta domin jarrabawa ya san tambayar da malamai suka fi so, watau a kawo taurarin littafin, a faɗi halin kowannensu. Amsar kuwa har ta zama kamar karatun allo: Umar mai haƙuri, Makau mai gaskiya, Abdulkarim mai alheri, Ado mayaudari, fadawa mahassada. Wanda ya jera su haka ya ci makinsa, ba kuwa ƙarya ya yi ba. Amma fa littafin da marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta ya fi wannan jeri zurfi, domin abin da yake faɗi game da tasowar yaro ba ya fitowa sosai sai an ajiye mutanen nan kusa da juna, an duba abin da kowannensu ya yi da yaron da ya faɗo hannunsa. Abin da wannan fili zai gwada yi ke nan a wannan mako.

Da farko ya kamata a tuna yadda littafin ya samu. Cikin 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, ta nemi malaman makarantu su gwada alƙalaminsu. Daga wannan yunƙuri ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sa'an nan da Shaihu Umar, wanda aka buga cikin 1934. A lokacin Malam Abubakar saurayi ne da bai wuce shekara 22 ba, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. Sai bayan shekara 23, watau cikin 1957, ya zama Firayim Ministan Nijeriya.

Ga waɗanda suka daɗe da rabuwa da littafin, labarin a taƙaice shi ne: a Rauta, kusa da Bauchi, akwai wani babban malami da almajirai ke zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Wata rana aka tambaye shi asalinsa, sai ya ba da tarihinsa tun daga tushe. Haifaffen Kagara ne, mahaifinsa baduku ne, ya kuwa rasu tun Umar yana ciki. Mahaifiyarsa, mutuniyar Fatika, ta auri wani bafade mai suna Makau. Hassadar fadawa ta sa aka kori Makau daga gari, ya je ya sami mazauni a Makarfi. Kafin iyali su bi shi, uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, a bayanta aka sace yaron. Daga hannun ɓarawo ya faɗa hannun wata mata ta ƙauye, daga can mahara suka kwashe shi zuwa Kano, daga Kano wani falke Balarabe, Abdulkarim, ya ƙetare Sahara da shi zuwa ƙasar Masar, inda ya yi karatu har ya zama malami. Uwar ta fita nemansa, aka yaudare ta aka sayar. Sun sadu a Tarabulus bayan shekaru masu yawa, ta rasu ba da jimawa ba, shi kuma ya komo ƙasar Hausa ya zauna yana karantarwa.

TAURARON DA AKE ƊAUKA

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi, in ya natsu, shi ne cewa tauraron da aka sa wa littafin sunansa kusan bai aikata kome da kansa ba. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam shi ya ɗaura ɗamara ya bar gida don nemo ruwan, shi ke shirya dabara, shi ke ramawa in Malam Zurƙe ya cuce shi. Ganɗoki kuwa da takobinsa da bakinsa yake tafiyar da labarinsa. Umar ba haka yake ba. Ɗaukarsa ake yi. An ɗauke shi daga Kagara, an ɗauke shi daga daji, an ɗauke shi daga ƙauye, an ɗauke shi daga Kano, kuma ba a taɓa shawartarsa ba ko sau ɗaya. Ko karatun da ya ɗaukaka shi, wani ne ya kama hannunsa ya kai shi makaranta.

Wasu masu nazari suna ganin wannan rauni ne, suna cewa tauraron ba shi da kuzari. Sai dai in an duba da kyau, gaskiyar rayuwar yaro ke nan, balle yaron da ke cikin bauta. Yaro ba ya zaɓen wanda zai goya shi. Saboda haka nauyin labarin ya koma kan waɗanda suka karɓe shi ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne amfanin kowane tauraro yake. Kowannensu hannu ne, akwai mai fizgewa, akwai mai tallafa, akwai kuma wanda ya haɗa biyun.

Sau ɗaya tak Umar ya yanke wata babbar shawara da kansa, watau bayan da ya yi mafarkin zakanya da ɗanta, hankalinsa ya tashi, ya nemi ya koma ya nemo mahaifiyarsa. A lokacin ya riga ya sauke Alƙur'ani, ya yi ilmi a wurin Shaihu Mas'ud, ya sami girma a garin da ya shiga yana bawa. Duk da haka littafin bai nuna ya cika mutum ba sai ran da ya waiwaya baya ya tuna da wadda ta haife shi. Wannan shi ne mizanin girma a wurin marubucin, kuma mizani ne da kowane Bahaushe zai gane ba sai an yi masa bayani ba.

Akwai kuma Umar na biyu da ɗalibai kan manta da shi, shi ne dattijon da ke zaune a Rauta yana ba da labarin. A ƙasar da ake tambayar asali kafin a ba da aure, inda kalmar bawa zagi ce da ba a mantawa, ga babban shaihi ya zauna gaban almajiransa yana gaya musu da bakinsa cewa ɗan baduku ne shi, maraya, wanda aka taɓa kora cikin ayarin bayi. Bai ɓoye ba, bai ƙirƙiro wa kansa salsala daga Gabas ba, alhali kuwa da ya yi haka babu mai ƙaryata shi. Jarumtar wannan tauraro a nan take.

MAKAU DA FADAWA

Makau shi ne mutumin da mai karatu ya fara tausaya wa. Ya auri bazawara mai goyon maraya, ya riƙe ɗan wani da amana, yana da farin jini wurin Sarki, wannan kuwa shi ya jawo masa baƙin jini wurin 'yan'uwansa fadawa. Bayan an komo daga hari a ƙasar Gwari suka ƙulla masa sharri, suka ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, Sarki ya amince da maganarsu, aka raba shi da abin da ya mallaka, aka kore shi. Wanda ya agaje shi a daji kuwa wani maharbi ne da bai san shi ba, bai kuma nemi lada ba. Marubucin ya ajiye fada da daji kusa da juna, ya bar mai karatu ya ga inda aka fi samun mutunci.

Fadawan nan ba su taɓa Umar da hannunsu ba, ba su ma damu da shi ba, amma ƙaryarsu ita ce mafarin duk abin da ya same shi. Ba don an kori Makau ba, da uwar ba ta yi shirin ƙaura ba, da ba ta tafi Fatika ta bar yaron ba. Watau zaluncin da aka yi wa magidanci a zauren Sarki, a kan jinjiri ya sauka. Ba abin mamaki ba ne da wanda ya rubuta wannan yana saurayi ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna cikin 1950, ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, maganar da ta girgiza sarakuna a lokacin.

To, amma akwai wata tambaya da ba a cika yi wa ɗalibai ba: daga ina Makau ya komo sa'ad da aka zalunce shi? Daga kamo 'ya'yan wasu. Bayin da ake gardama a kansu a gaban Sarki mutane ne masu iyaye, amma a labarin ba su da suna, ƙidaya kawai ake yi da su kamar awaki. Mai karatu yana jin zafin abin da aka yi wa Makau, ba ya tunawa da uwayen Gwari da ke kuka a wannan dare. Sai ga shi ba a yi nisa ba, mahara ƙarƙashin Gumuzu sun faɗa wa ƙauyen da Umar yake, sun yi masa daidai abin da mijin uwarsa ya yi wa wasu. Marubucin bai tsaya ya yi wa'azi a kan wannan ba. Ya jera abubuwan biyu ne kurum ya wuce. Makau da Gumuzu sana'arsu ɗaya, bambancin shi ne an nuna wa mai karatu cikin gidan Makau, Gumuzu kuwa daga bakin mashinsa aka gan shi.

Ɓarawon da ya fara sace yaron, wanda ya zo cikin siffar kura, a ƙarshe kurar gaske ta cinye shi, shi kaɗai ne ya sami sakamakon muguntarsa nan take, kamar yadda ake yi a tatsuniya. Sauran azzaluman littafin ba haka aka yi da su ba, kuma wannan na cikin abin da ya raba Shaihu Umar da labaran gizo da ƙoƙi.

FATAKE BIYU, HANYA ƊAYA

Abdulkarim shi ne tauraron da ya fi wuyar yanke wa hukunci. Ya karɓi yaron a Kano, shi da matarsa Zainab suka riƙe shi kamar ɗan cikinsu, suka sa shi makaranta, kuma da lokacin neman uwa ya zo bai hana shi ba, tare ma suka kamo hanya. Babu wanda zai ce ba uba ba ne. Amma mutumin nan falke ne, bayi kuwa na cikin hajarsa. Ayarin da ya kai Umar ga ilmi shi ne ya kai wasu 'ya'yan kasuwa. Daga cikin tarin waɗanda suka ƙetare rairayi da ƙishirwa, ɗaya ne ya shiga ran maigida ya zama ɗa, saura ba a sake jin labarinsu ba.

Don a gane matsayin Abdulkarim sai a ajiye shi kusa da Ado. Ado shi ne wanda ya sami uwar Umar tana yawon cigiya, ya nuna mata zai sada ta da ɗanta, ta amince ta bi shi, ya mai da ita baiwa. Ta hanyar Murzuk aka bi da ita, ko zuwa gaban alƙali bai cece ta ba, daga bisani ta ƙare a gidan wani mai suna Ahmad a Tarabulus. Ga fatake biyu a kan hanyar Sahara ɗaya, suna cin abinci daga ciniki iri ɗaya. Ɗan ya faɗa hannun mai tausayi ya zama shaihi, uwar ta faɗa hannun maras imani ta lalace. Da an musanya, da wani labarin ake yi. Masu cewa littafin ya yi wa bauta sassauci saboda kirkin Abdulkarim sun karanta rabi ne. Abin da taurarin biyu suka nuna tare shi ne cewa rayuwar da ta rataya a kan halin ubangida caca ce, kuma alherin mutum ɗaya ba ya wanke kasuwar da yake ci a cikinta. Shi kansa Abdulkarim a cikin Saharar nan ya ƙare, sa'ad da guguwar rairayi ta binne ayarinsu a hanyar komowa, Umar ya tsira da ƙyar.

Shaihu Mas'ud kuwa ba a ba shi shafuka da yawa ba, amma abin da ya ba yaron shi kaɗai ne bai salwanta ba. Gadon dabbobin da mahaifinsa ya bari, da gidan Makau, da dukiyar Abdulkarim, duk sun tafi. Da ilmi kaɗai Umar ya fito daga rairayi, da shi kuma ya ci abinci a Rauta. Malamin makaranta ne ya rubuta littafin, ba a kuwa rasa ganin hannunsa a nan.

ITA CE TA YI TAFIYAR

In ana neman wanda ya yi abin da taurarin labari kan yi, watau ya ƙudura niyya, ya bar gida, ya fuskanci haɗari da idonsa buɗe, to, mahaifiyar Umar ce. Kowa a littafin yana tafiya ne don hari, ko fatauci, ko don an kore shi, ko don an ɗaure shi. Ita kaɗai ce ta fita don ƙauna. Mace ce 'ya, mai aure, mai dangi a Fatika, ba abin da ya tilasta mata barin ɗakinta sai ɗan da ba ta san ko yana da rai ba. A zamanin da namiji ma ba ya bin hanya shi kaɗai, ta kama hanyar Kano, daga Kano har bakin Bahar Rum.

Tafiyar uwa da ta ɗa hanya guda suka bi, amma yayin da shi yake hawa, ita gangara take yi. Ya shiga Sahara yana bawa ya fito ɗa, ita ta shiga tana 'ya ta fito baiwa. Duk shekarar da ta ƙara masa ilmi da daraja, ita rage mata ƙarfi ta yi. Ko da suka sadu, abin da ya saura gare ta bai wuce ta gan shi ba.

Duk wanda ya tashi a gidan Musulmi zai ji ƙamshin ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam, a cikin wannan labari: hassada ce mafari, an raba yaro da gida, ayari ya kai shi Masar, ya tashi a gidan wanda ya mallake shi, ya ɗaukaka, ga kuma mafarki. Sai dai ƙarshen ya bambanta. Annabi Yaƙubu ya sami ganinsa, iyali suka taru cikin farin ciki. Malam Abubakar bai ba uwar Umar irin wannan ƙarshe ba, ko da yake alƙalamin a hannunsa yake, kuma masu karatu da sun fi son haka. Ya bar ta ta mutu a baƙuwar ƙasa. Karin maganar nan ta mahaƙurci mawadaci ta cika a kan ɗan, amma ba ta cika a kan uwar ba a nan duniya, kuma duk ɗalibin da ya rubuta cewa jigon littafin haƙuri ne ya kamata ya faɗi wanda ya biya kuɗin haƙurin.

Kada kuma a manta da sauran matan. Matar ƙauyen da ta karɓi yaron da aka tsinta a daji, da Zainab a Masar, ba su haɗa jini da shi ba, ba su ma haɗa harshe da juna ba, amma kowacce ta buɗe masa ɗakinta. Maza ne ke sacewa, su kama, su sayar. Duk inda yaron ya sami barci mai daɗi kuwa, akwai mace a wurin. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. Littafin ya nuna fuska biyu ta wannan magana, domin wanda kowa zai iya goyawa, kowa ma zai iya ɗaukewa.

ZAMANINSA DA NA YAU

Ambaton Rabe a cikin labarin ya nuna lokacin da ake nufi, domin Rabe ya ci Borno cikin 1893, Faransawa suka kashe shi cikin 1900. Watau sa'ad da littafin ya fito, abin da yake bayani kimanin shekara 40 ke nan da wucewarsa. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum a dokar Arewa ba sai cikin 1936, shekara 2 bayan buga Shaihu Umar. Yaran da suka fara karanta shi a makarantun Midil suna komawa gida su tarar da tsofaffin da aka kamo a hari, da kuma tsofaffin da suka yi harin. Mai rubutu a irin wannan hali ba zai iya nuna kowa da yatsa ba, ga Turawa a sama, ga sarakuna a gefe. Dabarar da ta rage masa ita ce ya zuba mutane a cikin labari, ya bar halinsu ya yi magana.

Littafin bai tsaya a aji ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi da Turanci cikin 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo cikin 1975, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa cikin 1976, an kuma gyara tsohon fim ɗin an nuna shi a bikin finafinai na Balin, ƙasar Jamus, cikin 2018.

Da so samu ne, da yanzu ana karanta shi a matsayin tarihin abin da ya shuɗe. Amma ran 17 ga watan Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara a Jihar Neja, garin da ke ɗauke da sunan mahaifar Umar, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da mutum 42, 27 daga cikinsu ɗalibai, ba a sako su ba sai bayan kwana 10. Iyayen da suka kwana a ƙofar makarantar nan ba su bukatar malamin adabi ya bayyana musu dalilin da ya sa wata mata ta bar Fatika ta nufi Tarabulus.

Saboda haka shawarar wannan fili ga malamai ita ce, in za a sake tambayar ɗalibai taurarin Shaihu Umar, a ƙara musu da tambaya ɗaya: a cikin duk waɗanda yaron ya ratsa hannunsu, wane ne ya amfana da shi, wane ne ya amfane shi, wane ne kuma ya yi hasara dominsa? Amsar za ta fi jerin halaye tsawo, za ta kuma sa yaro ya sake buɗe littafin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba Jiki Magayi, a ga yadda gabar manya a kan aure ta sauka a kan yaro Kyauta.